Wasiƙar Gwale: Hawan Gwauron Dutse da Dala

Zuwa ga Edita, ina roƙon ka ba ni ɗan filina na kullum, gama yau ina da magana da malaman makaranta, musamman na nan cikin birnin Kano.

Jama'a, ga wani abin mamaki. Ka sami yaron da ya gama firamare, ka tambaye shi dutsen da ya fi kowane tsawo a Afirka, kafin ka rufe baki ya ce maka Kilimanjaro. Madalla. To, ka juya ka nuna masa Gwauron Dutse, wanda ya ke gani kullum daga ƙofar gidan ubansa, ka ce da shi me ya sa ya ke ja, me ya sa kansa ya ke a baje kamar faifai, sai ka ga ya yi zuru. Laifin ba na yaro ba ne, don abin da aka ba shi ya riƙe. Da yawa cikin malamansa ma ba su taɓa hawa ba, alhali kuwa tafiyar ba ta bukatar mota, ba ta bukatar guzuri sai gorar ruwa, kuma dattijo mai ƙoshin lafiya ya iya yin ta ya komo gida kafin azahar. Don in tabbatar da wannan magana na tashi na yi ta da ƙafata ran Asabar ɗin da ta wuce, tare da wani malami maƙwabcina da 'ya'yansa maza biyu. Ga abin da muka gano.

Muka bar Gwale bayan sallar asuba, gari ya fara wayewa. Lokacin kaka ne, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba, hazo kuwa bai sauko ba tukuna, kuma a ganina babu lokacin da ya fi wannan dacewa cikin shekara. Ba mu yi tafiyar sa'a guda ba sai ga mu a gindin dutsen. Sunansa na asali Gwauron Dutse, watau wanda ke tsaye shi kaɗai ba abokin zama, amma bakin mutane ya mai da shi Goron Dutse, har unguwar da ke kewaye da shi ta ci sunan. Kaɗaicin nan kuwa ya ƙare, don yanzu gidaje sun kewaye shi ta kowace fuska, wasu ma sun fara hawa jikinsa.

Kada wani ya ji an ce dutse ya zaci wani babban abu ne. An ƙiyasta kan Dala ya ɗara teku da ƙafa wajen 1,750, amma shi kansa garin yana bisa tudu ne, saboda haka abin da mutum zai hau da ƙafarsa bai wuce ƙafa 200 ba, Gwauron Dutse kuwa sa'an Dala ne. Yaran nan da gudu suka haye. Mu manya muka bi a hankali, muna tsayawa, ba don gajiya kaɗai ba, don abin dubawa yana cikin hawan ne.

Tun daga ƙasa mutum zai lura jikin dutsen iri biyu ne. Gindinsa da tsakiyarsa jar ƙasa ce mai laushi, gauraye da tsakuwa, wadda in ka murza ta da yatsa sai ta marmashe. Ruwan damina ya yi mata zane-zane, wani wurin har ya zama ɗan kwazazzabo. Tumfafiya da bagaruwa da 'yan darbejiya ne ke riƙe da ita, awaki na bi suna kiwo. Sa'an nan can sama, dab da ƙarshen hawa, sai ƙasa ta ƙare, ka tarad da marmara tsantsa, mai tauri, ja-ja baƙi-baƙi, duk jikinta huji-huji kamar gidan gara. Ita ce ta rufe kan dutsen kamar hula. Manyan guntayenta da suka ɓalle suna nan zube a gangare, wasu sun kai girman akwati, wasu sun fi.

Ƙaramin yaron ya ɗauki wani guntu ya auna a hannu, ya ce, "Baba, wannan ai ya fi dutsen gida nauyi." Uban ya ce, "Goga shi a kan wancan farin dutsen ka gani." Ya goga, sai ga jan zane. Na ce da shi, "To, ɗana, ka taɓa ganin tsohuwar fartanya da aka bari cikin ruwa?" Ya ce, "I, Malam, tsatsa ta ke yi." Na ce, "Abin da ke hannunka ke nan." Jan da ke jikin marmara tsatsar ƙarfe ce, ba wani abu ba, kuma ita ce ta rina ƙasar Kano, da ganuwa, da tubalin tsofaffin gidajenmu.

Ga yadda masana duwatsu suka bayyana al'amarin, zan kawo shi a taƙaice gwargwadon fahimtata. A ƙarƙashin birnin nan duka akwai wani tsohon dutse mai tauri, wanda masu haƙar rijiyar burtsatse ke cin karo da shi in sun yi nisa. Shekarunsa sun haura miliyan 500. Wanda ya ke so ya ga irinsa a fili sai ya je Fanisau, arewa da birni, ya ga duwatsun can mulmulallu, masu ruwan toka, waɗanda ba su yi kama da namu ko kaɗan ba. To, ƙasar da ke da zafi, kuma damina da rani ke musanya a cikinta, ruwan sama ya kan ratsa irin wannan dutse sannu sannu ya ruɓar da shi. Abin da ke narkewa ruwa ya tafi da shi, ƙarfe kuwa da ya ke ba ya narkewa da sauƙi sai ya taru wuri ɗaya kusa da bisa. Muddin yana binne cikin danshi da ɗan laushinsa, amma da zarar iska da rana sun same shi sai ya daskare, ba ya kuma komawa. Marmara ke nan. Ba mu kaɗai ke da ita ba. Wani likita Bature mai suna Buchanan ya gan ta a kudancin Indiya, inda mutane ke yanka ta da ɗanyenta su shanya su yi gini, ya rubuta labarinta cikin 1807, ya raɗa mata suna da kalmar Latin mai ma'anar tubali.

Saura tambaya guda, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Marmara a ƙasa a ke samunta, to me ya kai ta bisa? Amsa ita ce ba hawa ta yi ba, ƙasar da ke kewaye da ita ce ta sauka. A wani zamani mai nisa filin Kano duka yana daidai da kan duwatsun nan biyu. Ruwa ya yi ta zaizaye shi shekara bisa shekara yana kwashewa zuwa rafuka, sai wuraren da hular marmara ta yi kauri suka gagara, suka tsaya. Kun san 'yan ƙwadago masu haƙar ƙasa, yadda su kan bar ɗan tsibi a tsakiyar rami don mai biya ya zo ya auna zurfin abin da aka haƙa. To, Dala da Gwauron Dutse su ne tsibin da aka bari. Shaidar haka kuwa a bayyane ta ke: in ka tsaya kan ɗaya ka dubi ɗayan, za ka ga kawunansu a baje su ke duka biyu, kuma kusan kai ɗaya. Wanda ya hau, a kan tsohuwar ƙasar Kano ya ke tsaye, mu da ke Gwale da Mandawari da Diso a cikin ramin mu ke zaune. Da na faɗi haka maƙwabcina ya yi shiru, can ya ce, "Malam, shekara goma sha ina koyad da labarin ƙasa, ban taɓa kawo yara nan ba." Na ce gani ya kori ji.

A bisa akwai manyan tankunan ruwa, saboda haka sai mutum ya yi sallama da masu gadi, ya tsaya inda suka ce ya tsaya. Tankunan nan ma darasi ne. Cikin 1931, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe aikin ruwan famfo na En'e, aka riƙa turo ruwa daga kogin Challawa zuwa kan dutsen nan, daga nan ya gangara cikin gari da nauyin kansa. Ƙofar Famfo ma daga wannan aiki ta samo sunanta. Yaron da ya ga tankin da idonsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan dalilin da ya sa ruwa ke fitowa daga famfo da ƙarfi.

Sa'an nan muka zauna muka ba idonmu abinci. Gabas ga Dala, da hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da itatuwan Gidan Rumfa. Yamma ga wajen Ƙofar Kabuga, inda sojan Ingila suka shigo cikin Fabrairu 1903, da Ƙofar Kansakali. Abin da ya rage na ganuwa sai ka yi ta nema da ido kafin ka tsinto shi tsakanin gine-gine. Baƙin da suka zo Kano a da sun rubuta labarin duwatsun nan. Clapperton, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi, ya iso cikin Janairu 1824, ya kuma lura da cewa dutsen ƙarfe ne gauraye da tsakuwa. Barth, watau Abdulkarim, ya hau Dala cikin 1851 ya zana hoton birnin daga can. A zamaninsu yammacin birni, cikin ganuwa, gonaki ne da fili, don in abokan gaba sun kewaye gari a sami abin ci. Yau in ka duba ko fegi guda da wuya ka gani, sai rufin kwano yana walƙiya har iyakar ganinka.

Na zo ga maganar namun daji, kada wani ya yi mini dariya. Gaskiya ne babu barewa, babu kura. Amma wanda ya iya zama shiru na rabin sa'a zai ga abin da bai zata ba. Farkon masu fitowa ƙadangaru ne. Da sassafe su kan kwanta bisa marmara ba motsi, don jikinsu ba ya ɗumama kansa, sai rana ta gasa su tukuna su sami kuzari. Muka ga jan gwada, watau namijin, da jan kai da baƙin jiki mai shuɗi-shuɗi, ya hau kan wani dutse yana ta gyaɗa kai, wani namijin ya matso, ya bi shi da gudu ya kore shi. Kowane babban namiji da yankinsa da matansa. Muka ga kulɓa tana sulɓewa cikin tsaguwa, muka ga hasbiyoyi biyu masu jan ido sun fito daga wani kogo a gefen hular, kurciyoyi kuwa ba a magana. Babban yaron ya so ya tura hannu cikin wani rami, uban ya daka masa tsawa, da gaskiyarsa kuwa, don irin wurin nan ne mazaunin kunama.

Da hantsi ya yi sai kallo ya koma sama. Shirwa ta fara zuwa, ɗaya, biyu, har muka ƙirga bakwai, suna kewaya bisa kanmu ba mai kaɗa fiffike. Dalili shi ne dutse ya kan riga filin da ke kewaye da shi yin zafi, iskar da ke kansa ta yi zafi ta tashi, tsuntsu ya shimfiɗa fukafukansa ta ɗauke shi kyauta. Daga ƙasa cikin shirwa kaɗai mu ke gani, amma daga nan har bayanta muka gani sa'ad da wata ta ratsa ƙasa da mu, tana murɗa wutsiyarta mai baki biyu kamar mai tuƙin jirgi. Hankaki biyu suka taso suka dame ta, kamar yadda suka saba. Can nesa kuma, wajen arewa, muka hangi shamuwa sun yi gungu suna juyawa sama. Haramar tafiya su ke yi. Su kan zo mana gab da faɗuwar damina, su yi sheƙa bisa dogayen itatuwan gari, su ci fara da tsutsa su ƙyanƙyashe, in ruwa ya ɗauke su nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina ke farawa.

Abin da ba mu gani ba shi ne ya fi tsaya mini a rai. Tun daga fitowarmu har komawarmu ba mu ga ungulu ko ɗaya ba. Duk wanda ya kai shekara hamsin a garin nan ya san lokacin da su ke jere bisa katangun mayanka da rumfunan kasuwa, har a kan kore su da ƙafa. Na tambayi yaran ko sun taɓa ganinta, suka ce sai a hoto, da cikin karin magana. Ba Kano kaɗai abin ya shafa ba, gama cikin 2015 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun duniya, ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba ta kashe wasu, masu sayad da kai da ƙafafunta don tsubbu sun kashe wasu, dogayen itatuwan da ta ke sheƙa a kai kuma an sare. Mushen da ta kan share mana kyauta yanzu yana nan yana ruɓa a bakin kududdufi.

Muka sauko muka ratsa unguwanni muka nufi Dala, muka sha koko da ƙosai a hanya. Hawan Dala ya fi sauƙi, don an yi masa matakala. Ginin jikinsa ɗaya ne da na ɗan'uwansa, ba sai na maimaita ba, sai dai shi ya fi shi labari. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci cikin 1908, kuma Hausarsa ke cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da dutsen nan ya fara. Ya kawo labarin Barbushe mai tsafin Tsumburbura, wanda aka ce da sandarsa ya kan kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Ko mutum bai yarda da ɗaukar giwa a ka ba, ya dai ji cewa masu ba da labarin sun san giwa a dajin da ke kewaye da Dala. Cikin manyan mutanen wancan zamani littafin ya ambaci maƙeri, ya ambaci mai haƙar tama yana narkarwa. Masu tonon kayan tarihi kuma sun sami wurin narkad da tama a gindin dutsen, awo ya nuna ya kai ƙarni na 7, watau shekaru ɗaruruwa kafin zuwan Bagauda cikin 999. Ashe tsatsar nan da yaro ya goga ita ce ta tara mutane a nan tun farko. Daga cikinta a ke zaɓen tama, a haɗa ta da gawayi a hura wuta, a sami ƙarfen fartanya da gatari da kibiya. Ni a ganina wanda bai riƙa marmara a hannunsa ba bai fara karatun tarihin Kano ba tukuna.

Mutanen birni ba su manta da Dala ɗungum ba, don kowace shekara ran Takutaha, mako guda bayan Mauludi, yara da manya su kan cika shi maƙil. Amma hawan biki dabam, hawan dubawa dabam. Ran biki ko ƙadangare ba ya tsayawa.

To, ga inda maganar ta ke da nauyi. Na ce hular marmara ce ke tsare dutsen, abin da ke ƙarƙashinta kuwa ƙasa ce mai laushi. Duk wanda ya yanki gindin dutse don ya sami filin ɗaki, ko ya haƙi jar ƙasa don yaɓe ko cikon hanya, tamkar ya zare wa hular matashi ne. Ruwan Agusta ya zo ya ƙara rarake wurin, hular ta rasa abin da za ta zauna a kai, ta tsage, guntu ya ɓallo. Guntayen nan da muka gani zube a gangare duk ta haka suka sauko, sai dai a da a hankali a ke yi, kuma ba kowa a ƙasa. Yanzu kuwa akwai ɗakunan kwana daidai inda za su faɗa. Na ga wani gida da bangon bayansa jikin dutsen ne da kansa, an daddatse shi a tsaye kamar an yanka da wuƙa, bisa kansa kuma ga wani ƙaton guntu ya leƙo, yara na wasa a tsakar gidan. Ban san mai gidan ba, ba kuma na zarginsa, don matsin wurin zama a birnin nan ba wanda bai san shi ba. Amma dutsen da ya yi shekaru dubbai yana jure ruwan sama ba zai jure diga da shebur ba, in kuwa ya zube ba mai iya mayad da shi. Ga kuma shara da a ke juyewa a gangaren, da masu mai da kogunan makewayi, abin da ya sa wani gefen ba ya biyuwa sai da toshe hanci. Ina roƙon masu unguwannin da ke kewaye da duwatsun nan biyu su zauna da dattawansu su sa iyaka, a ce daga nan ba a ƙara haƙa, kafin hukuma ta zo da nata.

Ku kuma malamai, ga abin da na ke nema gare ku. Kowane ɗayanku ya zaɓi Asabar guda tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, ya nemi yardar iyaye da ta shugaban makaranta, ya ɗebi yara kada su wuce goma sha biyar, don in sun fi haka tsuntsu ba zai tsaya ba, kai ma ba za ka iya lura da su a bakin gangare ba. A fita da asuba, a sa takalmi mai rufi, kowa da ruwansa da fensir da takarda, a bar danƙo a gida. Kowane yaro ya rubuta tsuntsayen da ya gani da sunansu na Hausa, ya zana siffar dutsen da ke gabansa, ya komo da tsakuwar marmara guda ɗaya daga cikin waɗanda suka riga suka zube. In wani ya je Fanisau ya ɗauko ɗan guntun dutsen can, a ajiye su gefe da gefe bisa teburin aji.

Masu karatu na Rano da Dutse da Riruwai, inda duwatsu suka fi namu girma, kuma na ji har yanzu a kan ga rema da biri, ku rubuto ku gaya mana irin naku. Wanda kuma ya ga ungulu a ko'ina cikin ƙasar Kano, ya taimaka ya aiko wa Edita da sunan garin, da ranar, da ko guda nawa ya ƙirga, ni kuwa zan tara in kawo muku a wannan fili.

Naku,
Mai Wasiƙar Gwale, Birnin Kano.